Kundin Asabar: yadda muke fasa lambar allon dara

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mun fara. Yara shida suka zo zaure, maza huɗu mata biyu, duk 'yan aji biyu na babbar sakandare. Hazo ya sauka tun asuba, daga ƙofar gida da ƙyar kake hango hasumiyar masallacin layinmu a nan Tudun Wadan Zariya, kowa ya shigo a duƙunƙune cikin rigar sanyi. Aikin da na ɗora mana daga yau zuwa kamawar azumi shi ne mu ɗauki ƙatuwar lamba guda mu yi mata filla-filla: mu san tubalan da aka gina ta da su, lambobi nawa ke raba ta, da kuma gidan da masana lissafi ke ajiye irinta. Sharaɗin kuwa, ba waya ba kwamfuta. Alli, takarda, sai tsohuwar kalkuletata mai gurbi goma da nake haɗa makin jarrabawa da ita.

Lambar daga tsohon labarin nan na dara na ɗauko ta, darar Indiya da Larabawa ke kira shaɗranj, mai gida 64. Malamin tarihi Ibn Khallikan ya rubuta labarin tun ƙarni na 13. Wanda ya ƙirƙiro wasan ya roƙi sarki tukuici: ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Na tambaye su buhu nawa suke jin za ta cika. Ɗan mai awo, wanda mahaifinsa ke da rumfar hatsi a kasuwar Sabon Gari, ya ce, "Malam, tiya goma ma ta yi yawa." Monitansu ya ce buhu ɗari, shi ma don kada ya ji kunya ne.

Na raba su gida biyu, kowane ɓangare ya ninka nasa da hannu. Gida na 11 ya ba da 1,024, na 21 ya ba da 1,048,576, a na 35 kalkuleta ta sallama, aka koma wa alƙalami. Ana kiran Azahar suka kai gida na 64, sai ga amsa biyu daban-daban. Kowane ɓangare na rantsuwa nasa ne daidai. Ban raba gardamar ba, na ce su tafi da ita.

Asabar, 18 ga Janairu

An kama ɓarawon. Maimakon su sake ninkawa daga tushe, na nuna musu gwajin tara: ka tara alƙaluman lamba, ka sake tara na amsar, har ya rage guda ɗaya. A jerin ninkin biyu, abin da ke fitowa zagaye yake yi: 1, 2, 4, 8, 7, 5, sai ya dawo 1. Duk layin da ya kauce wa wannan zagaye, akwai magana. 'Yar Gyallesu, wadda ba ta cika magana ba, ta bi takardar ɓangarensu da yatsa layi-layi, ta tsaya a gida na 44. An rubuta 8,796,092,022,208, gwajin ya ba da 1, alhali 2 ake jira. Daidai ɗin shi ne 8,796,093,022,208. Wani ya manta ɗayan da ya riƙe a ka, ɗayan nan kuwa a gurbin miliyan yake, aka yi ta ninka kuskuren har sau ashirin. Wanda ya yi ɓarnar ya sunkuyar da kai, sauran suka yi masa ca, na ce su ƙyale shi, ni ma na taɓa yin wanda ya fi wannan a gaban aji.

Gida na 64 shi kaɗai yana ɗauke da 9,223,372,036,854,775,808. Jimillar allon ba sai an tara layi 64 ba. 1 da 2 da 4 bakwai ne, wato 8 ba ɗaya. A ƙara 8 a samu 15, wato 16 ba ɗaya. Haka abin yake tafiya, don haka jimillar ita ce 2⁶⁴ − 1, wato 2 sau 2 sau 2 har guda 64, ba ɗaya:

18,446,744,073,709,551,615

Alƙaluma ashirin. Mun ɗan yi rigimar yadda za a faɗe ta da Hausa. Kakanninmu na da zambar, suna cewa zambar ɗari, amma ba su yi tanadin wannan ba. Muka tsaya a kan tiriliyan sau miliyan goma sha takwas da ɗoriya. Uwargida da ta aiko da shayi ta ce sunanta malala gashin tunkiya, a huta.

Na koma kan ɗan mai awo. Na ce mu ƙaddara buhun gero na cin ƙwaya miliyan goma, tirela kuma na ɗaukar buhu 300. Ya buga ya samu buhu sama da tiriliyan ɗaya da biliyan 844, tirela sama da biliyan shida. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce zai faɗa wa Baba, amma ya san ba zai yarda ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau aka fara fasa. Lambar da ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, irin 2, 3, 5, 7, 11, a zauren nan gagara-rabo muke ce mata, kuma su ne tubalan da ake gina kowace lamba da su ta hanyar sau.

Na saman ba su ba da wuya ba. Ta ƙare da 5, biyar na raba ta. Alƙalumanta sun taru 87, uku na raba 87, tara ba ta rabawa, ke nan 3 ta shiga sau ɗaya tak. Suka gwada 7, 11, 13 da doguwar rabawa, kowacce ta cinye rabin shafi ta bar ragowa. Na bar su suka ɗanɗana, sannan na rubuta 15 = 16 − 1 = 3 × 5, ƙarƙashinsa 255 = 256 − 1 = 15 × 17, na koma na zauna. Monita ne ya fara ganewa: bambancin murabba'i biyu (murabba'i shi ne lamba sau kanta, kamar 16 da take 4 × 4), abin da suka haddace don jarrabawa ba su taɓa zaton zai yi musu rana ba. 2⁶⁴ − 1 ta tsage biyu, 2³² − 1 da 2³² + 1. Ta farkon ta sake tsagewa, 65,535 da 65,537. Ita ma 65,535 ta zama 255 da 257, haka har ƙasa. Cikin minti goma allo ya nuna:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297

Murna ta kaure, har wani yana cewa an gama, a nemo wata lambar. Na ce wa ya ba ku tabbacin biyun ƙarshen ba sa fasuwa? Na tuna musu dokar: don tabbatar da lamba gagara-rabo ce, sai an gwada duk gagara-rabon da bai wuce saiwarta ba, wato lambar da in aka yi ta sau kanta za ta ba da ita. Saiwar 65,537 ta ɗara 256 da kaɗan, gwaji 54 ke nan, na raba musu tara-tara su yi a gida. Ta ƙarshen kuwa saiwarta 65,536 ce da ɗigo. A nan gizo ke saƙar.

Talata, 28 ga Janairu, da dare

An ɗauke wuta, da fitilar caji nake rubutu. Abin da ban faɗa wa yaran ba shi ne lambobin nan shida da ke kan allo dangi ne, kuma suna da suna. Kowacce 2 ce da aka ɗaga zuwa 1, 2, 4, 8, 16, 32, aka ƙara ɗaya. Lambobin Fermat ake ce musu. Pierre de Fermat, alƙali ne a Faransa mai yin lissafi a lokacin hutunsa, ya rubuta a 1640 cewa yana da yaƙinin duk lambobin wannan jeri gagara-rabo ne, ko da yake ya amsa cewa bai iya kafa hujja ba. Biyar na farko sun gaskata shi. Ta shidan ce a gabanmu.

Ina ta tufka da warwara, in gajarta musu ko in bari. Na yanke in bari mako guda. Yaron da bai sha wahalar rabawa a makance ba, in ka ba shi dabara zai ɗauke ta a matsayin wani abin haddar kawai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

65,537 ta tsira daga gwaji 54, gagara-rabo ce. 257 da 17 tuni.

Sauran ranar a kan 4,294,967,297 ta ƙare. Sa'ar da aka yi, alƙalumanta goma ne cif, kalkuleta ta ɗauke ta ba ko gurbi ɗaya da ya rage. Ɗaya na dannawa, ɗaya na kiran lamba, ɗaya na sokewa. Suka gwada duk gagara-rabo 62 da ke ƙasa da 300, babu wadda ta shiga. Na ce musu akwai 6,542 a ƙasa da 65,536. Ɗayar yarinyar ta lissafa ta ce a wannan tafiyar sai mun haura shekara biyu, lokacin sun daɗe da barin makaranta. Zauren ya yi tsit. Monita kaɗai na ga yana murmushi ƙasa-ƙasa, ban gane dalili ba.

Da yamma na bi ta Sabon Gari sayen wake, mai awo ya tare ni. "Malam, yaron nan kullum yana raba lamba ɗaya kamar mai bin bashi, wannan zai fito a jarrabawa kuwa?" Na ce, "Alhaji, ita lambar ba za ta fito ba, amma hannunsa ya faɗa da rabawa." Ya ƙara mini rabin tiya, ban sani ba ko yarda ce ko tausayi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba zama. Ɗaurin aure a cikin birni, wajen Ƙofar Doka, kuma uku daga cikin yaran mura ta kwantar da su.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar da nake jira. Na fara da tuna musu zagayen 1, 2, 4, 8, 7, 5 da ya kama mana kuskure. Wannan ragowa ce in ana raba ninkin biyu da 9. Kowace lamba mara, wato wadda biyu ba ta raba ta, tana da nata zagayen. Da 7, ragowar 2, 4, 1 ce, sai ta sake, tsawonsa uku. Da 5, 2, 4, 3, 1, tsawonsa huɗu. Na sa suka yi na 11, 13, 17, suka samu 10, 12, 8. Na ce su dubi kowane tsawo su dubi lambarsa. 'Yar Gyallesu ta ce, "Malam, in ka cire ɗaya daga lambar, tsawon na raba abin da ya rage." Uku na raba 6, takwas na raba 16. Wannan ita ce ƙaramar ƙa'idar Fermat, shi da kansa ya gano ta a shekarar nan ta 1640, kuma tana aiki ga kowace gagara-rabo mara.

Sai muka juyo kan tamu a hankali. A ce wata gagara-rabo, mu kira ta p, tana raba 2³² + 1. Ke nan in aka raba 2³² da p, saura ɗaya ya cika. In aka ninka 2³² da kanta, 2⁶⁴ za ta bar ragowar 1 daidai. To tsawon zagayen p dole ya raba 64. Masu raba 64 su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64. Da tsawon 32 ne ko ƙasa da haka, da 2³² ta bar ragowar 1, mun kuwa ga ba haka ta bari ba. Saura 64 kaɗai. Tunda tsawon na raba p − 1, dole p ta zama ninkin 64 da ɗaya a kai. Sai da na maimaita sau uku, na uku da agogon bango na yi misali, kafin kowa ya gyaɗa kai, kuma ina zargin gyaɗawar mutum biyu ta ladabi ce.

Suka jero: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Aka soke masu fasuwa, 65, 129, 321, 385, 513. An riga an gwada 193 da 257 wancan makon. 449 ta bar ragowar 325. 577 ta bar 288. Ɗan mai awo ne ke riƙe da kalkuleta da aka zo 641. Ya danna, ya kalli gilashin, ya goge ya sake dannawa, sannan ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. 6700417, ba ɗigo ba komai a bayansa. Na sa su tabbatar da hannu a allo: 4,020,250,200 da 268,016,680 da 6,700,417, suka taru 4,294,967,297. Ihun da suka yi har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya.

A nan monita ya tona kansa. Yayansa da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya buga masa lambar a waya tun mako uku da suka wuce, ya san 641, ya yi gum. Sauran suka ce ya ci amana, ya bar su suna ta wahala. Na tambaye shi ko yayan ya faɗa masa dalilin da ya sa 641. Ya ce a'a, amsa kawai ta fito. Hukuncinsa shi ne mako mai zuwa shi zai maimaita hujjar a allo ba takarda a hannu.

Don adalci na faɗa musu cewa 641 ita ce gagara-rabo ta 116, ko a makance da sun ci karo da ita cikin mako ɗaya ko biyu. Abin mamakin ma shi ne Fermat, da ƙa'idar a hannunsa, bai kama ta ba. Sai a 1732, bayan shekara 92, Leonhard Euler, ɗan Siwizalan da ke aiki a Rasha, yana da shekara 25, ya bayyana cewa 641 na raba ta. Na kuma ce su riƙe shekarar nan da kyau, don a 1732 ɗin ne malamin nan na Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafinsa da Larabci kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, wanda kowane layi da kowace kusurwa ke ba da jimilla guda. A Alƙahira ya rasu a 1741. Yaran sun san hatimi mai gida tara da ke ba da 15 ta ko'ina, a allon malamai suke ganinsa, ba su taɓa ɗaukarsa lissafi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Monita ya biya bashinsa, ya yi tuntuɓe sau ɗaya a wajen 32, ya miƙe da kansa.

Saura 6,700,417. Saiwarta na tsakanin 2,588 da 2,589, gagara-rabo fiye da 370 ke nan in a makance za a bi. Amma duk mai raba ta yana raba uwarta, don haka dokar 64 na nan. Na so in ƙara gajarta musu da abin da masanin lissafi Édouard Lucas ya nuna a 1878, cewa ninkin 128 da ɗaya ma ya isa, wanda zai bar mana 641, 769, 1,153 da 1,409 kawai. 'Yar Gyallesu ta ɗaga hannu. "Malam, kai ka ce ba mu karɓar abu sai da dalili. Na 64 muka gani da idonmu." Hujjar Lucas ta fi ƙarfin ajinsu, kuma gaskiya ba ta da amsa, sai muka ƙara 1,217, 1,601 da 2,113. Rabawa bakwai, duk sun bar ragowa: 44, 120, 334, 832, 622, 232, 94, in an jera su daga ƙarama zuwa babba. Gagara-rabo ce. Wani ya waiwayi 65,537 ya gano cewa da irin wannan tunani, ninkin 32 da ɗaya, 97 da 193 kaɗai ya kamata su gwada maimakon 54. Hararar da na sha ba kaɗan ba ce.

Ga ta a fashe:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Daga nan sauran bayanan suka riƙa zubowa da kansu. Tubali bakwai, babu wanda ya maimaitu, kowanne ko a ɗauka ko a bari, masu raba ta 128 ke nan har da ɗaya da ita kanta. Na kawo musu rabon da magabata suka yi wa lambobi bisa jimillar masu raba su: 6 cikakkiya ce don 1, 2 da 3 sun taru sun ba da ita, 12 mai rara ce don nata sun kai 16, wadda nata suka gaza kuwa tauyayya. Ba sai mun tara 127 ba. Muka ninka 4/3, 6/5, 18/17 da sauransu, wato kowane tubali da ɗaya a kai bisa tubalin, wanda ke nuna sau nawa jimillar masu raba ta har da ita ta kai ta, aka samu kusan 1.70, bai kai 2 ba. Duk girman nan nata tauyayya ce, masu raba ta in an cire ita sun tsaya wajen kashi 70 cikin ɗari. Wannan ya ba su dariya sosai.

In an raba ta da 8 tana barin 7, irin waɗannan kuwa ba sa fitowa daga tara murabba'i biyu ko uku, sai huɗu. Mun gwada da 7 da 15 suka gani: 7 sai 4, 1, 1, 1. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya, ɗaya ce sau 64 a jere, ita ce mafi girman lambar da gurbi 64 ke iya riƙewa. Tana cikin lambobin Mersenne, masu siffar ninkin biyu ba ɗaya, dangin da gagara-rabo mafi girma da aka sani ta fito daga ciki, 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, wadda aka gano a Oktoban 2024, mai alƙaluma 41,024,320. Tamu dai ba ta da wannan rabon tun farko, saboda 64 kanta mai fasuwa ce.

Na so in shiga labarin masanin lissafi Gauss da siffa mai gefe 17 da ya nuna a 1796 ana iya zana ta da kamfas da rula kawai, tunda 17 ɗin nan ce dai ta kan allonmu, amma an kira salla.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Bayan La'asar 'yar Gyallesu da ƙanenta suka yi sallama, ta miƙo takarda. Ta ƙara biyu a kan lambarmu ta samu 18,446,744,073,709,551,617, wato 2⁶⁴ + 1, ta bakwai a jerin Fermat. Ta bi hujjar da kanta ta ce duk mai raba wannan dole ya zama ninkin 128 da ɗaya, tana tambaya ko daidai ne. Daidai ne. Na san masanin lissafi Fortuné Landry ya fasa ta a 1880, na kuma san ƙaramin tubalinta na da alƙaluma shida, tafiyar ba kusa ba ce, kuma kalkuletarmu ba za ta ɗauki lambar ba, sai an koya musu ninka ragowa da ragowa. Ban faɗa mata ko ɗaya ba. Na ce ana sa ran ganin wata Juma'a ko Asabar, a bari sai bayan salla. Ta ce to, amma za ta fara soke masu fasuwa kafin nan, in ara mata kalkuletar. Na ba ta, da sharaɗin ta dawo da ita kafin makon jarrabawa.